Bukukuwan Bazara A Birnin Charleston

A bakin teku ta gabashin ƙasar Amurka, can wajen kudu, cikin jihar da a ke kira Carolina ta Kudu, akwai wani tsohon birni sunansa Charleston. In an ce tsoho, to, da mudun Amurkawa aka auna, gama Kano ta yi ɗaruruwan shekaru da ganuwarta kafin a aza tubalinsa na fari. Turawan Ingila ne suka kafa shi cikin 1670, suka raɗa masa sunan sarkinsu na lokacin, Charles na Biyu. Bayan shekara goma suka taso da shi inda ya ke yanzu, kan wani ɗan tsiri na ƙasa tsakanin kogi biyu, Ashley da Cooper. Bisa ga ƙidayar 2020 mutanensa sun ɗara 150,000 kaɗan, amma baƙin da ke zuwa kallonsa kowace shekara miliyoyi ne.

Abin da su ke zuwa gani shi ne tsofaffin benaye masu dogayen barandu, da majami'u masu hasumiya, da lunguna da aka daɓe da duwatsu. Garin ya sha yaƙi, ya sha gobara, ya sha girgizar ƙasa a 1886, duk da haka gidajen nan da yawa suna tsaye. Cikin 1931 majalisar gari ta kafa doka ta keɓe tsohuwar unguwa, ta ɗora wani kwamiti a kan duk mai son ya sake fasalin gini a cikinta. Shi ne gari na fari a Amurka da ya yi irin wannan doka. Akawunan En'e da suka taɓa fama da mai son ya rushe soron kakanninsa ya aza kwano, sun san ba ƙaramin aiki ba ne.

Lokacin da Turawa ke ɗauka a matsayin bazara shi ne watan Yuni da Yuli da Agusta, watau daidai sa'ad da mu ke tsakiyar damina. A Charleston kuwa yanayin ya haɗa biyu, ga zafin bazararmu, ga gumin damina, da la'asar kuma sau da yawa hadari ya taso daga teku a sheƙa ruwa. A cikin wannan gumi ne garin ke yin manyan bukukuwansa. Amma kafin mu shiga fagen biki, ya kamata mai karatu ya san inda dukiyar da ta gina benayen nan ta fito, don kuwa rigimar da ke cikin bukukuwan duka a nan ta ke.

Shinkafa ce ta gina Charleston. Gefen garin duk fadamu ne waɗanda ruwan kogi ke shiga ya fita bisa ga tashin teku da saukarta. Turawan da suka mallaki fadamun nan ba su gāji noman shinkafa ba a ƙasarsu, amma mutanen bakin tekun Afirka ta Yamma, daga Sanagal da Gambiya har Saliyo, sun gāje shi kaka da kakanni. Saboda haka bayin da aka kwaso daga can su ke da tsada a kasuwar garin. Su suka sare kurmi, suka yi madatsan ruwa da hannu, suka shuka, suka yanka, suka casa a turmi, suka bakace a faifai. Masana tarihi suna kiyasta cewa cikin kowane bayi goma da aka kai Amurka ta Arewa daga Afirka, wajen huɗu ta tashar jiragen Charleston suka shiga. Daga 1804 zuwa ƙarshen 1807 kaɗai, da aka ga dokar hana shigo da bayi ta kusa fara aiki, an sauke mutum kamar 40,000 a garin.

A zamanin nan bazara lokacin gudu ce. Da watan Mayu ya kama, masu gonaki sai su kwashe iyalinsu su bar fadamu don tsoron zazzaɓin cizon sauro, su koma gidajensu na birni ko na tudu su sha iska, ba su komawa sai sanyi ya sauko. Bayi kuwa a bar su tsaye cikin ruwa suna ciran ciyawa. Dogayen barandun nan da baƙi ke ta ɗaukar hotonsu yau, domin wannan hutu aka gina su.

Bikin Da Ya Zo Daga Italiya

Babban bikin garin a yanzu shi ne wanda a ke kira Spoleto. Wani Ba'italiye mai tsara kiɗa, Gian Carlo Menotti, shi ya kafa shi a 1977. Da ma tun 1958 yana da irinsa a wani ƙaramin gari na ƙasarsu mai wannan suna, sai ya so ya yi masa tagwai a Amurka. Ya duba garuruwa, ya zaɓi Charleston domin tsufanta, da kuma cewa majami'unta da gidajen wasanta suna kurkusa da juna, mutum ya fita daga wannan ya taka da ƙafa zuwa wancan. Magajin garin na lokacin, Joseph Riley, ya tsaya masa ƙwarai. Wannan Riley ya riƙe garin shekara 40, daga 1975 zuwa farkon 2016, za mu kuwa sake gamuwa da shi a gaba.

Kwana 17 a ke yi, daga ƙarshen Mayu zuwa cikin Yuni. Makaɗa da mawaƙa da masu rawa da 'yan wasan kwaikwayo suna zuwa daga ƙasashe dabam dabam. Da hantsi a yi kiɗan goge irin na Turawa a gidan wasa na Dock Street, wanda asalin kafuwarsa ke komawa 1736. Da dare a shirya kujeru a farfajiyar kwalejin garin, ƙarƙashin manyan itatuwa, a yi kiɗa har mutane su manta da sauro. Akwai kuma abin da su ke kira opera, watau wasan kwaikwayo wanda daga farko har ƙarshe da waƙa a ke yin maganar cikinsa, makaɗa masu yawa suna bi. Da ya ke kuɗin shiga ba na kowa ba ne, hukumar gari ta kafa wani ƙane ga bikin a 1979, Piccolo Spoleto, ma'anarsa ƙaramin Spoleto. Shi wannan na makaɗan gida ne da yaran makaranta, a filaye da majami'u, da yawa daga cikin wasanninsa kyauta ne.

Ba shakka bikin ya farfaɗo da garin. Gidajen saukar baƙi sun cika, masu sayar da abinci sun samu, sunan Charleston ya kai inda da bai kai ba. Sai dai an yi shekara da shekaru ana rufe shi da kiɗa da wasan wuta a Middleton Place, tsohuwar gonar shinkafa ce a bakin kogin Ashley, mutane su shimfiɗa barguna kan ciyawa suna ci suna sha, a daidai wurin da ɗaruruwan bayi suka yi bauta. Masu kai baƙi yawo cikin gari kuwa sun daɗe suna kiran bayin da sunan barori, su nuna ɗakunansu na bayan gida su ce ɗakunan ajiye keken doki ne. Ko a 1991, da wasu masu zane da sassaƙa suka baza ayyukansu cikin gari, waɗansu suna tuna wa mutane zamanin bauta, Menotti bai ji daɗin baje kolin ba. Saɓani ya yi ta girma tsakaninsa da shugabannin bikin a kan wannan da waɗansu al'amura, har ya bar shi a 1993.

Bukukuwan Da Suka Riga Shi

Alhali kuwa baƙaƙen garin suna da nasu bukukuwan tun kafin a haifi Menotti. A Charleston aka harba igwar farko ta yaƙin basasar Amurka, ran 12 ga Afrilu 1861, a kan sansanin Sumter da ke bakin tasha, don jihohin kudu sun ƙi yarda a taɓa musu bayi. Cikin Fabrairu 1865 garin ya faɗa hannun sojan gwamnatin tarayya. To, a lokacin yaƙi an mai da filin sukuwar garin kurkuku, an tsare sojan tarayya a fili cikin wahala, har mutum 257 suka mutu aka turbuɗe su cikin rami ɗaya. Da 'yanci ya samu, waɗansu baƙaƙe ma'aikata suka tone su, suka sake binne su kowa da kabarinsa, suka kewaye wurin da shinge. Ran 1 ga Mayu 1865 mutum wajen 10,000, galibinsu bayin jiya, suka yi jerin gwano suka kewaye filin, yaran makaranta kamar 3,000 suna gaba riƙe da furanni. Wani malamin tarihi, David Blight, shi ya tono wannan labari bayan an manta da shi, yana kuma lissafa taron cikin mafarin ranar tunawa da mazan jiya, wadda Amurka ke hutunta Litinin ta ƙarshe a watan Mayu. A ƙarshen makon wannan hutu ne bikin Spoleto ke buɗewa kowace shekara.

Haka kuma ranar 4 ga Yuli, ranar 'yancin kan Amurka. Bayan yaƙin, fararen garin da aka ci da yaƙi sun yi fushi da ita, sai su rufe ƙofa su zauna gida. Baƙaƙe suka ɗauke ta. Sojansu su yi fareti da ganguna, mata su kasa soyayyen kifi da waina, a taru a lambun White Point da ke ƙarshen gari a bakin ruwa, wurin shan iskar manya wanda a da ba su da ikon sakewa a ciki, a yi ta wata rawa da su ke kira Tulalu. Abin bai daɗe ba. Da fararen suka komo kan mulkin jihar bayan 1876, sai aka shiga kafa dokoki ɗaya bayan ɗaya, har aka ture bikin daga lambun.

Su kuma fararen ranar da suka fi riƙo da ita ita ce 28 ga Yuni, ranar Carolina. A wannan rana cikin 1776 jiragen yaƙin Ingila suka zo kama garin, wani kanar, William Moultrie, ya tare su a tsibirin Sullivan cikin wani sansani da ba a ko gama ginawa ba. Da rairayi aka yi shi da gumagumai na wani icce dangin giginya, mai taushin ciki. Harsasan igwa in sun bugi iccen sai su nutse, bai tsagewa, har Ingilishi suka gaji suka juya. Shi ya sa hoton iccen ke kan tutar jihar. Har yanzu kowace shekara ƙungiyoyin tarihi su kan yi jerin gwano zuwa lambun White Point a yi jawabi. A kan wannan tsibiri ɗin kuma a ke tsare bayin da aka sauke daga jirgi, a ga ko suna ɗauke da cuta, kafin a kai su kasuwa.

Wani misali da ke nuna yadda wariyar ta yi zurfi shi ne na wasan opera mai suna Porgy and Bess. An fara nuna shi a 1935, labarinsa duka na baƙaƙen Charleston ne. Ya kewaye duniya, amma ba a nuna shi a garin da ya haife shi ba sai 1970, domin ba a yarda fari da baƙi su zauna su kalla tare ba.

Masu Saƙar Faifai

A hayin kogin Cooper akwai wani gari, Mount Pleasant. Nan ne cibiyar masu saƙa na jama'ar Gullah, watau jikokin bayin fadamun shinkafa, waɗanda zaman kaɗaici a tsibirai ya sa suka riƙe harshensu da al'adunsu fiye da sauran baƙaƙen Amurka. Wani malami baƙar fata, Lorenzo Dow Turner, ya bi su ƙauye ƙauye yana ɗaukar maganarsu, a 1949 ya fitar da littafi ya nuna dubban sunaye da kalmomi da suka samo asali daga harsunan Afirka. Wanda ya je bikinsu na bazara ba zai yi baƙunta da tukunya ba. Akwai jar shinkafa 'yar'uwar dafa-duka, akwai miyar kuɓewa, akwai wani ɗan biskit na riɗi wanda garin ke alfahari da shi.

Amma abin da bikin ya ɗauki sunansa shi ne ciyawar saƙa, wata doguwar ciyawa mai ƙanshi da ke fitowa a rairayin bakin ruwa. Su kan naɗa ta da'ira bisa da'ira, suna ɗinkewa da tsagin ganyen iccen nan na tutar jiha, kamar dai yadda matanmu ke ɗinkin faifai da kaba. Asalin sana'ar faifan bakace ne, na raba shinkafa da ƙaiƙayi. Da noman shinkafa ya mutu a farkon ƙarni na 20, sai mata suka koma saƙa kwanduna na ado, suka kafa rumfuna a bakin babbar hanya suna sayar wa matafiya. A 2006 jihar ta ɗauki saƙar a matsayin sana'ar hannunta ta gado, a 2008 kuma wata gwanar saƙa, Mary Jackson, ta sami babbar kyautar MacArthur. Kwandon da kakarta za ta bakace hatsi da shi, irinsa yanzu yana cikin gilashi a manyan gidajen kayan tarihi.

Sai ran 17 ga Yuni 2015, ba a daɗe da rufe bikin Spoleto na shekarar ba, wani saurayi farar fata ya shiga majami'ar Emanuel da maraice. Ya zauna cikin masu karatun littafinsu, suka karɓe shi hannu biyu, can ya zaro bindiga ya kashe mutum 9, har da limaminsu Clementa Pinckney, wanda kuma ɗan majalisar dattawan jihar ne. Majami'ar nan ba baƙuwar wahala ba ce. Cikin waɗanda suka kafa ta akwai Denmark Vesey, wani kafinta da ya fanshi kansa, wanda aka rataye ran 2 ga Yuli 1822 bisa zargin shirya tawayen bayi. Mutum 35 aka rataye a wannan shari'a, aka kuma rushe majami'ar. Kwana biyu bayan kisan 2015, waɗansu daga cikin dangin mamatan suka tashi a gaban alkali suka ce sun yafe wa mai kisan. Mutanen gari dubbai, fari da baƙi, suka riƙe hannun juna a kan babbar gadar kogin Cooper. Ran 10 ga Yuli aka sauke tutar 'yan tawayen kudu daga harabar majalisar jiha.

Daga nan al'amura suka ɗan yi sauri. A 2016 Spoleto ya nuna Porgy and Bess a babban zauren Gaillard, wanda ke titi ɗaya da majami'ar, aka kuma haska shi kyauta a dandalin Marion ga wanda ba shi da kuɗin shiga. Ran 19 ga Yuni 2018, watau ranar da baƙaƙen Amurka ke bikin ƙarewar bauta, majalisar gari ta nemi gafara a kan hannun da garin ya sa cikin cinikin bayi. Ko a nan ma da ƙyar aka sha, ƙuri'a 7 ne a kan 5.

Malamin Futa Toro

Abin da zai fi jan hankalin malamanmu shi ne wasan da Spoleto ya buɗe da shi a 2022. Labarin Umaru ɗan Sa'idu ne, mutumin Futa Toro a bakin kogin Sanagal. An haife shi wajen 1770, ya yi shekara 25 yana neman ilmi wurin malamai. Aka kama shi a wani yaƙi, aka sauke shi a Charleston a 1807, ana saura kaɗan a rufe ƙofar shigo da bayi. Ya faɗa hannun wani mugun ubangida, ya gudu, aka kama shi a garin Fayetteville na Carolina ta Arewa aka kulle. A kurkuku ya riƙa rubutun Larabci a jikin bango, mutane suna zuwa kallon bawa mai rubutu daga dama zuwa hagu. Wani mai suna James Owen ya saye shi. A 1831 ya rubuta ɗan taƙaitaccen tarihin rayuwarsa da Larabci, ya buɗe shi da Suratul Mulki. An yi masa wankan shiga addinin Kirista yana hannun Owen, masana kuma suna ta muhawara a kan abin da ya riƙe a zuciyarsa. Sai dai iyayen gijinsa ba su karanta Larabci, duk almajiri kuwa ya san abin da a ke nufi in bawa ya buɗe takardarsa da surar da ke faɗin wanda mulki ke hannunsa. Ya rasu yana bawa, tsoho tukuf, ana cikin yaƙin basasa.

Wata mawaƙiya, Rhiannon Giddens, da wani mai tsara kiɗa, Michael Abels, su suka mai da labarin opera. Ita Giddens gwanar kaɗa banjo ce, wani abin kiɗa mai tsirkiya dangin molo da gurmi, wanda bayi ne suka fara yin sa a can. An shirya nuna wasan a 2020, annobar korona ta hana, sai ran 27 ga Mayu 2022. An ƙawata dandalin wasan da rubutun Larabci irin na hannun Umaru, a 2023 kuma wasan ya ci kyautar Pulitzer ta kiɗa. Ainihin takardun nasa suna ɗakin karatu na majalisar dokokin Amurka, an sa hotonsu a intanet tun 2019, mai iya karatun warash zai iya dubawa da kansa.

Ran 27 ga Yuni 2023 aka buɗe gidan tarihin baƙaƙen Amurka a kan kwatar Gadsden, inda aka sauke dubban bayi a shekarun ƙarshe na cinikin. Riley ne ya fara kawo maganar gina shi a shekarar 2000, aka yi fiye da shekara ashirin ana neman kuɗi. An ɗaga ginin bisa ginshiƙai don kada ya zauna a kan ƙasar da mutanen nan suka taka.

A ganinmu duk wannan ci gaba ne, wanda ya raina shi bai san inda aka fito ba. Amma akwai abin da ke tafiya ta ƙarƙashi. Yayin da labarin baƙaƙe ke shiga dandalin biki, su kansu baƙaƙen suna fita daga gari. A 1980 sun kusa rabin mutanen Charleston, a ƙidayar 2020 ba su kai ɗaya cikin biyar ba. Wani ɓangare na wannan saboda garin ya faɗaɗa ya haɗiye unguwannin fararen da ke kewaye da shi ne, wani kuwa tsadar gidaje ce da haraji, waɗanda farin jinin garin wurin baƙi ya jawo. A karkara ma filayen Gullah da yawa gādo ne da ba a raba ba, babu takarda a hannun kowa, ga magada barkatai. Mai kuɗi ya kan sayi rabon mutum ɗaya ya kai kotu, a tilasta sayar da filin duka. Duk wanda ya zauna kotun alkali ya ga shari'ar gonar gādo zai gane yadda wannan ke ƙarewa.

Masu saƙa su ma abin ya taɓa su. Bakin ruwan da kakanninsu ke yankan ciyawa yanzu unguwannin masu kuɗi ne, an kewaye su da shinge da masu gadi. Babbar hanyar da rumfunansu ke gefenta an faɗaɗa ta, motoci na wucewa a guje, tsayawa ta yi wuya. Da yawa daga cikinsu sai sun yi tafiya mai nisa, har jihohin Jojiya da Fulorida, kafin su samo ciyawar da za su saƙa kwandunan da za su kasa ran biki.